Kafin Ka Amsa Gayyatar Hawan Babur Ɗin Ƙanƙara

Hunturu ya kankama a Kanada da arewacin Amurka. Tafkuna sun fara daskarewa, daji ya yi fari fat. Nan da 'yan kwanaki wani abokin aiki ko abokin karatu zai dafa kafaɗarka ya ce ranar Asabar za su fita da baburan ƙanƙara, kai ma ka zo. Zai ce yini ɗaya ne, a tafi da hantsi a dawo kafin duhu. Zai ce abin ba wuya, yara ma suna tuƙawa. Kai kuma ka ji nauyin cewa a'a. Da kai nake, ɗalibin da ya sauka daga Kano ko Damagaram a watan Satumba. Da ke nake, ma'aikaciyar jinyar da aiki ya kai wani ƙaramin gari a Manitoba. Da magidancin da 'ya'yansa suka dame shi sai an kai su. Har da ku iyaye na gida, waɗanda za a turo wa hoton yaro yana murmushi a tsakiyar farin fili, ku yi ta sa albarka, alhali ruwa ne mai zurfi a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ban ce kowa ya kulle kansa a ɗaki ba. Iyalai da yawa suna fita duk mako, suna dawowa lafiya. A lardin Kebek kaɗai, hanyoyin da aka share wa waɗannan babura sun kai kilomita 33,000, a Ontariyo kuma kusan 30,000. Amma Hukumar Ƙididdiga ta Kanada ta lissafa cewa daga 2013 zuwa 2019, kimanin mutum 73 ne ke mutuwa a kan wannan babur kowace shekara. Kusan tara cikin goma maza ne. A ƙasar da ake haihuwar mutane cikin dusar ƙanƙara ke nan. To ina ga wanda bai taɓa ganinta ba sai bana?

Sunan da muke kiransa da shi ma yana ruɗar mu. Mun ce babur, sai duk wanda ya taɓa yin acaɓa ko yawon Sallah a kan Jincheng ya ɗauka ya iya. Bai iya ba. Wannan ba shi da taya. A gaba ƙafafu biyu ne dogaye masu sulɓi, a baya kuma bel ne na roba mai haƙora yana juyawa irin na tankar yaƙi. Nauyinsa ya haura kilo 200, wasu sun doshi 300. Da yawansu suna wuce kilomita 150 a awa. Totur ɗinsa ba murɗawa ake yi ba, da babban yatsan hannun dama ake danna shi. Nan baƙo ke jin jiki. Da ya firgita sai ya damƙe kan babur, yatsan ya danne totur, abin ya zabura da shi ya nufi bishiya. A kan santsi, birki ba ya tsayar da shi inda kake so. A kwana sai ka karkata jikinka gaba ɗaya, in ba haka ba ya kife. In ya kife a kanka, kai kaɗai ba ka ɗaga shi. Ken Block, Ba'amurken da duniya ta sani da gwanintar tseren mota, irin wannan babur ne ya kife ya danne shi a wani gangare a jihar Utah ranar 2 ga Janairun 2023, ya ce ga garinku nan. Ka nemi wanda zai koya maka a fili mai faɗi tun kafin ranar tafiya, lokacin da babu mai jiranka yana duba agogo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tafki. Idan dusa ta rufe ƙasa, ido ba ya raba fili da ruwa. Duka fari ne, duka shimfiɗe. Ranar Talata 21 ga Janairun 2020, 'yan yawon buɗe ido takwas daga Faransa suka fita da ɗan jagora a yankin Tafkin Saint-Jean a Kebek. Dare ya yi musu a hanya. Suka bar hanyar da aka sa wa alama, suka yanke ta kan ƙanƙara a kusa da inda tafkin ke kwarara cikin kogin Grande Décharge. A wurin ruwa yana gudu ta ƙasa, ƙanƙara ba ta yin kauri. Ta fashe. Ɗan jagoran ya mutu, biyar daga cikin baƙinsa suka mutu, uku suka tsira. Masu nutso na 'yan sanda sun shafe kwanaki suna neman gawarwaki a ƙarƙashin ƙanƙara. Bayan nan ne gwamnatin Kebek ta tsaurara doka, ta tilasta wa 'yan jagora samun horo. Ku lura da wannan da kyau: waɗannan mutane ba gaban kansu suka yi ba. Mai jagora suka bi, kowa yana kallon jar fitilar na gabansa.

Saboda haka ka san adadin da kanka. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada ta ce ƙanƙara sai ta kai kaurin santimita 15 kafin mutum ɗaya ya taka, 20 ga taron jama'a, 25 ga babur. Launi ma yana magana. Shuɗiya garau ita ce mai ƙarfi. Fara mai duhu-duhu, wadda dusa ta narke ta sake daskarewa, ƙarfinta rabin na shuɗiyar ne. Mai ruwan toka akwai ruwa a cikinta, kada ka kusance ta. Bakin kogi, ƙarƙashin gada, mashigi tsakanin tsibirai, kusa da duwatsu da turakun kwalekwale, duk wurare ne da ƙanƙara ke sirancewa. Dusa mai kauri a sama kamar bargo take, tana hana ta ƙasa ƙara kauri. Tafki ɗaya yana iya ɗaukar mota a nan, taku ashirin gaba ya kasa ɗaukar yaro. Sawun babur da ka gani a kan tafki shaida ce kawai cewa wani ya wuce. Ba ta gaya maka yaushe ya wuce ba, ba ta kuma gaya maka ko ya isa ɗaya gaɓar ba.

Kada wani ya ce maka shekara ashirin yana ratsa wannan tafki a irin wannan mako. Hunturun yanzu ba na da ba ne. A hunturun 2022 zuwa 2023, mashigin ruwan Rideau na birnin Otawa, wanda ake buɗe wa masu wasan zamiya duk shekara tun 1971, bai daskare yadda za a buɗe shi ba ko na yini ɗaya. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Ƙanƙarar yau, awon yau take bukata.

In ƙaddara ta sa ka faɗa, akwai abin yi, kuma tun yanzu za ka haddace shi. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya shafe shekaru yana nazarin abin da ruwan sanyi ke yi wa jiki, ya taƙaita shi da lamba uku: ɗaya, goma, ɗaya. Minti ɗaya na farko numfashi zai ƙwace maka, za ka yi ta haki ba da sonka ba. Aikinka a wannan minti shi ne ka riƙe bakinka a saman ruwa har numfashin ya daidaita. Sannan kana da kamar minti goma kafin hannu da ƙafa su daina jin umarninka. Juya ka fuskanci inda ka fito, domin can ne ƙanƙara ta ɗauke ka ɗazu. Shimfiɗa hannuwa a kanta. Buga ƙafa kamar mai iyo har jikinka ya kwanta, ka ja ciki ka hau. Kada ka miƙe tsaye, mirgina za ka yi har ka yi nisa da ramin. In ka kasa fita, kana da kusan awa ɗaya kafin sanyi ya ɗauke hankalinka, don haka ka bar hannuwanka a kan ƙanƙarar, ka yi ta kira. Ana sayar da wasu ƙusoshi biyu masu mariƙi da ake ratayawa a wuya don kafawa a ƙanƙara a ja jiki. Ba su da tsada. Akwai kuma rigar sanyi mai hana nutsewa. Wanda ke gaɓa kuma kada ya ruga bakin rami, gawa biyu za a ɗauka. Ya kira 911, ya kwanta rub da ciki daga nesa, ya jefa igiya.

Sai sanyin kansa. Wanda ka sani a ƙofar gida tsakanin mota da ofis wasa ne. Idan ma'auni ya nuna digiri 20 ƙasa da sifili, kana gudun kilomita 50 a awa, fatarka tana jin kamar 35 ƙasa da sifili. A irin wannan, hukumar yanayi ta Kanada ta ce fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Hanci, kunne, kumatu, yatsu. Ba zafi za ka ji ba daga baya, wurin ne zai mutu murus, kai kuma ka ce alhamdulillahi sanyi ya sake ni. Littattafan taimakon gaggawa suna cewa a duba fata ta yi fari ko ja, amma da farar fata aka rubuta su. A namu jikin wurin yakan yi toka-toka, ya yi tauri kamar kakin zuma, abokin tafiyarka Bature ba lallai ya gane ba. Likitocin sojan Amurka da na Birtaniya sun daɗe da lura cewa sojoji baƙar fata sun fi saurin samun raunin sanyi. Duk tsayawa, ka cire safar hannu a wuri mai ɗumi ka duba yatsunka. In wuri ya daskare, kada ka murza shi, kada ka goga masa dusa, kada ka kara shi a wuta ko a jikin inji, domin zai ƙone ba ka ji ba. Ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri ake sa shi, shi ma sai an tabbata ba zai sake daskarewa a hanya ba. Jinkirin yini ɗaya kan jawo a yanke yatsa.

Kayan hunturun gida ba su da aiki a nan. Ni ma shekarata ta farko wandon jins biyu na haɗa da safar auduga uku, ina jin na gama shiri, ban yi awa guda a waje ba na daina jin yatsun ƙafata. Auduga tana shan gumi ta riƙe, gumin ya huce, ya koma ƙanƙara a jikinka. Ulu ake sawa a ciki ko yadin roba mai fitar da gumi, a ɗora mai ɗumi, a rufe da wanda iska ba ta ratsawa. Hular kwano dole ce, kuma a sa hular da ke rufe fuska a ƙarƙashinta. In ka ga abokin tafiya yana karkarwa, harshensa ya yi nauyi, yana tuntuɓe, yana maganar da ba kai, sanyi ya shiga cikinsa. In karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya yi muni. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a nemi asibiti.

Mai sikila ya ji wannan da kunnen basira. Sanyi da ƙishirwa da gajiya suna tayar da ciwon, ga shi asibiti mafi kusa yana iya zama tafiyar awa uku. Kada ya je sai likitansa ya yarda. Alwala kuma a yi ta a ɗakin hutawa mai ɗumi, a goge jiki ya bushe sarai kafin a fita. A 'yan shekarun nan watan azumi yana faɗowa cikin hunturu. Jikin da ba ci ba sha ba ya iya ɗumama kansa yini guda a daji. Mai azumi ya ɗaga tafiyar.

'Yan'uwa mata, dogon mayafi da gyale mai jela su zauna a mota. Haka rawani, haka duk wani abu mai lilo. Bel ɗin baya yana juyawa da ƙarfin inji, in ya kama bakin ƙyalle wuya zai ja. A sa ƙaramin hijabi mai kama kai, a cusa shi cikin riga. Yaro ƙarami kuma ba a ɗora shi a gaba tsakanin direba da kan babur.

Rana ba ta jira. A ƙarshen Disamba, a Otawa ko Edmonton, kafin ƙarfe huɗu da rabi ta faɗi. Wanda jikinsa ya saba da Magaribar ƙarfe shida zai yi lissafi da agogon gida, duhu ya rufe shi a tsakiyar daji. Da dare fitila tana haska 'yan mitoci ne kawai, mai gudu kuwa kafin ya ga abu ya riga ya isa kansa. Wayar shingen gona ba ta ganuwa. Kututture da dutse suna kwance a ƙarƙashin dusa. Buɗaɗɗen ruwa baƙi ne, dare ma baƙi ne. Ku sa lokacin juyowa tun a gida, ƙarfe kaza, ko an isa inda aka nufa ko ba a isa ba.

Nisa ma tarko ne. Joseph-Armand Bombardier, mutumin garin Valcourt a Kebek wanda kamfaninsa ya fito da babur ɗin ƙanƙara mai suna Ski-Doo a 1959, ɗansa ƙarami ya rasu a hunturun 1934 saboda dusa ta toshe hanyar asibiti. Wannan rashi ya ƙara masa himmar ƙera abin da zai ratsa dusa. Yau abin da aka ƙera don a kai mutum asibiti shi ke nesanta mutane da asibiti. Tafiyar rabin awa a kansa, in inji ya mutu, ba ka dawo da ita a ƙafa cikin yini guda, domin kowane taku dusa har gwiwa. A daji sau da yawa babu sabis. Ko akwai, sanyi yana shanye batir, wayar da ke da rabin caji ta mutu a hannunka. Sa ta a aljihun ciki kusa da jiki. Ƙungiya ta riƙe na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, da taswirar takarda, da bel ɗin inji na sauyi, da fulogi, da igiyar ja, da ashana, da tocila, da abinci, da shayi mai zafi a fulas. Man fetur a raba shi uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na abin da ba a zata ba. Babur ɗaya ba ya fita shi kaɗai. Kuma a bar wa wani a gari bayani a rubuce: ga hanyar da za mu bi, ga mu nawa, ga lokacin da in ba ka ji mu ba ka kira 'yan sanda. In babu wanda ya san kun ɓata, babu mai fita nemanku sai ranar Litinin da aka ga kujerarka ba kowa.

Mazauna Kalgari da Bankuba da sauran masu shiga duwatsun yamma, naku haɗarin daga sama yake zuwa. Dusa tana zaftarewa daga kan dutse, yawanci a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45, kuma nauyin babur ɗaya ya isa ya tsinka ta. Ranar 28 ga Disamban 2008, mutum goma sha ɗaya daga garin Sparwood suna kan baburansu kusa da Fernie a Birtish Kolombiya. Zaftarewa ta farko ta binne wasu. Sauran suka taho tono, ta biyu ta sauko a kansu duka. Takwas suka mutu. A 13 ga Maris 2010, a dutsen Boulder kusa da Revelstoke, mutum kusan 200 sun taru a gindin gangare suna kallon masu gasar hawa, dusa ta sauko musu, biyu suka mutu, kusan talatin suka ji rauni. Ko ɗan kallo bai tsira ba. Wanda dusa ta binne, bayan minti goma sha biyar damar fito da shi da rai ta ragu ƙwarai, don haka abokan tafiyarsa ne kaɗai masu cetonsa. Kowa sai ya ɗaura na'urar gano wanda aka binne, ya goya sandar bincike da shebur, ya kuma san yadda ake aiki da su. Ƙungiyar Avalanche Canada tana fitar da hasashen haɗarin zaftarewa kullum a mataki ɗaya zuwa biyar. Kada uku ta yi maka kama da tsaka-tsaki, a wannan matakin aka fi mutuwa.

Akwai kuma kwalba. A cikin mace-macen da hukumar ƙididdiga ta lissafa, kusan rabi an samu giya ko ƙwaya a ciki. Za ka ce ni ba na sha. Madalla. Wanda zai goya ka fa? Wanda ke jan ayari fa? A wuraren hutawa na kan hanya ana sayar da giya, kuma tun Oktoban 2018 doka ta halatta tabar wiwi a Kanada. In ka ga direbanka ya sha, sauka. Wanda kuma shaiɗan ya raya masa ya ɗanɗana, ya sani cewa dokar tuƙi cikin maye ta haɗa da babur ɗin ƙanƙara. Tun 18 ga Disamban 2018 hukuncinta mafi tsanani ya koma shekara goma, wanda ya sa ta shiga jerin manyan laifuka a dokar shige da fice. Ko mai takardar zaman dindindin yana iya rasa ta a tasa ƙeyarsa gida. Shekarun karatu da kuɗin da iyaye suka sayar da gona suka biya, duk su tafi a yammaci ɗaya.

Takardu ma a duba. A Ontariyo sai da lasisi, da inshora, da izinin hawa hanyoyin ƙungiya, kuma iyakar gudu a kansu kilomita 50 ne a awa. A Kebek 70 ne, kuma sai mai shekara 16 zuwa sama. Kafin ka sa hannu a takardar haya, karanta nawa za ka biya in babur ya lalace ko ya nutse. Baƙon da ya zo ziyara ya tambayi kamfanin inshorarsa ko sun yarda da irin wannan wasa. Kwana uku a asibiti ba tare da inshora ba bashi ne na shekaru.

Duk waɗannan da na lissafa ana iya shirya musu. Wanda ya fi wuyar magani a jikinmu yake, shi ne kara. An rene mu da kada mu ba mai gayyata kunya, kada mu nuna tsoro a gaban maza, kada mu zama mu ne muka ɓata wa jama'a tafiya. Ga kuma son kada a ce ɗan Afirka ya kasa. Da wannan kara mutum zai ce ya iya alhali bai iya ba. Yatsunsa sun mutu zai ce lafiya lau. Zai ga ayari ya sauka daga hanya ya hau tafki cikin duhu, zuciyarsa ta ƙi, ya bi. Mutanen ƙasar ba sa ganin laifin wanda ya ce ban iya ba, ko ina jin sanyi, ko ni a nan zan tsaya. Ɗaga hannun hagu sama, ita ce alamar tsayawa a kan hanya, kowa ya san ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ka kira mai gayyatar yau, kada ka bari sai daren Juma'a. Tambaye shi wace hanya za a bi, ko tana ratsa ruwa, wa ya auna ƙanƙarar kuma yaushe. Tambaye shi ƙarfe nawa za a juyo, wa aka bar wa bayani a gari, wa zai koya maka tuƙi kafin a tashi, ko akwai mai sha a cikinku. In ya amsa ɗaya bayan ɗaya, shirya kayanka ka je, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In ya yi dariya ya ce kada ka damu, ka yi masa godiya ka zauna a gida. Ku kuma iyaye, in yaro ya ce Asabar za su fita, ku karanta masa waɗannan tambayoyi a waya, kada ku ajiye sai ya ba ku amsa.